Ranar da Kawu Ya Sa Jini a Ƙanƙarar Kifi

Zan iya manta ranar da na fara aiki, zan iya manta irin kayan da na sa ranar da aka kai ni ɗakin miji, amma akwai wani yini na tsakiyar bazara da ba zai taɓa fita daga raina ba har in koma ga Allah. Shi ne yinin da na tsaya a bakin ƙofar ɗakin gwaji na ce wa mutumin da ya raine ni a'a, a gaban jama'a, kuma har sau biyu kafin rana ta faɗi. Shekaru sun ja, amma ko yau na ji ƙarnin kifi ya haɗu da sanyin ƙanƙara sai yinin nan ya dawo mini sabo.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Bagudo, ni ce mai gwajin jini, kuma ni kaɗai ce. Likita ɗaya gare mu, saurayi mai ƙoƙari wanda bai daɗe da zuwa ba. Marasa lafiyarmu kuwa da yawa daga tsallaken iyaka suke zuwa, daga ƙauyukan Benin, wasu a kwalekwale wasu a babur, domin mu a wajenmu iyakar nan ba ta raba dangi ba. Kana iya karin kumallo a gidan gwaggonka a can, ka dawo ka yi azahar a nan.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni tun ina shekara shida bayan rasuwar mahaifina, shi ya sa ni makaranta, shi ya tsaya kai da fata sai na yi karatun asibiti lokacin da wasu ke cewa na isa haka. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini ko a gaban wa. Sana'arsa kifi. Duk wanda ya san kasuwar Lolo ya san shi, domin shi ne mai ɗaukar ɗanyen kifin Kwara ya kai birni bai canza ko launi ba. Yana da dabararsa da yake alfahari da ita. Zai fasa ƙanƙara, ya barbaɗa mata gishiri don sanyinta ya ƙaru, ya jera kifi, ya sake zuba ƙanƙara, sannan ya rufe da buntun shinkafa da buhu. In kana son ganin fushin Kawu, ce masa kifinsa ya kwana.

Mara lafiyar kuwa ɗiyarsa ce ta fari, sa'ata, wadda muka tashi a tabarma ɗaya muna ci a kwano ɗaya. Tana aure a tsallake, mijinta masunci ne, Badande, daga ƙabilar da ke bakin kogin can. Ta haihu a gida, ta samu 'ya mace, sai jini ya ƙi tsayawa. Da aka kawo mana ita ƙafafunta a kumbure suke, jininta ya hau, idonta ya yi rawaya-rawaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba ta wuri ɗaya take zubar da jinin ba. Dasashinta na tsatsa, inda aka soka mata allura na tsatsa, ga wasu baƙaƙen tabo sun fito mata a hannu kamar an mintsine ta. Na ɗebi jininta na duba, na sake dubawa don ban yarda da idona ba, sannan na je na sami likita.

Bari in yi wa mai karatu bayani yadda ya kamata in yi wa Kawu tun farko. A cikin jinin mutum akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da aikinsu shi ne toshe rauni. In ka yanke, su ne suke taruwa su liƙe wurin jini ya tsaya. Mu a wurin aiki filatilet muke ce musu. Na 'yar'uwata sun kusa ƙarewa, shi ya sa ko'ina ke yoyo. A manyan asibitoci ana tace su daga jinin da mutane suka bayar, a zuba a leda, su fito ruwan ɗorawa, ba ja ba. Kuma su ba kamar jan jini ba ne da ake ajiyewa a firji. Abu ne mai rai mai tsirfa. Yana son sanyin ɗaki mai daɗi, tsakanin digiri ashirin da ashirin da huɗu, yana son a riƙa jijjiga shi a hankali don ya sha iska ta jikin ledar, kuma duk da wannan lallashi bai wuce kwana biyar ba. Zafi na lalata shi. In kuwa ya daskare, to an gama.

Likita ya ce ba za ta iya hanyar birni a yadda take ba, girgizar mota kaɗai ta isa ta ƙarasa ta. Sai muka kira wani babban asibiti a birni, suka ce suna da leda huɗu, amma a zo da mutanen da za su ba da jini a madadinsu. Kafin in rufe baki Kawu ya tara abokan sana'arsa guda uku, manyan magidanta, ya ce shi ne na huɗu. Da sassafe suka shiga motarsa ta ɗaukar kifi. Ni ba zan iya bin su ba, don in na tafi babu mai taɓa jini a asibitin. Na leƙa ta tagar motar na ce, "Kawu, don Allah kada rana ta taɓa shi, kada ya yi zahi."

Ya yi dariya ya ce, "Uwata, ni za ki hwaɗa ma zancen zahi? Koma wurin aikinki."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce kada a sa ƙanƙara ba. A raina na ɗauka can za su yi masa bayani, kuma sun yi, sai dai ban yi tunanin wa nake aikawa ba. Wannan laifi nawa ne, na yarda da shi tun ranar, kuma ban taɓa ɗora wa wani ba.

Yinin nan ya yi mini tsawo. Rana ta buɗe irin wadda kwano ke ƙara a kan rufi. Ina shiga ɗakin 'yar'uwata ina fita, duk lokacin da na shiga sai ta kamo hannuna ta ce, "Sun taho?" In ce suna hanya. Dab da la'asar muka ji ƙarar motar. Mutane suka miƙe, dangin miji da suka cika inuwar darbejiya suka yi ta hamdala. Kawu ya fito yana tafiya irin ta wanda ya ciwo yaƙi, da auduga manne a gwiwar hannunsa inda aka ɗebi jini. Bayansa mutum biyu na ɗauke da babbar kularsa ta kifi, shuɗiyar nan da na sani tun ina yarinya. Tun daga nesa na ga ruwa na ɗiga ta gindinta.

Suka dire ta a bakin ɗakin gwaji. Kawu ya ɗaga murfin da kansa, ya ture buhu da buntu, ya ce, "Duba nan. Wani ma'aikaci can yab ba ni shi cikin kwali kamar sabulu, wai kada in sa sanyi. Nac ce mishi to, don kada mu yi gardama. Muna hita gari nit tsaya inda nika sayen ƙanƙara nig gyara abina. Taɓa ki ji, ko hannu ba ya jimirin shi."

Na tura hannu cikin ruwan gishirin nan na ciro leda ta farko. Gefenta ya yi tauri, na danna na ji ƙanƙara na ɓarɓashi a ciki. Takardar da ke manne a jikinta ta jiƙe, rubutun ya fara narkewa, ga ɓawon kifi ya liƙe a bakin bututun. Na ɗaga ta sama wajen hasken taga na motsa ta. Mai kyau, in ka yi haka, za ka ga wani farin gajimare na juyawa a ciki yana sheƙi, shi ne alamar ƙwayoyin na da rai. Wannan babu abin da ya motsa. Ruwa ne kawai da wasu 'yan gudaje kamar kunun da bai damu ba. Na duba ta biyu, ta uku, ta huɗu, ina addu'a a raina ko ɗaya ta tsira. Duk ɗaya suke.

Na ce, "Kawu, wanga ba ya sawuwa."

Bai gane ba da farko. Ya ce, "To a bari shi huce mana."

"Ba zancen hucewa ba na. Ya mutu. Ƙanƙara ta kashe shi."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza da sauri haka ba. Ya dube ni, ya dubi mutanen da suka taru, ya sake dubana. Ya ce, "Shekara talatin ina ɗaukar kihi, ba a taɓa maido man da ko ɗaya ba. Yau ke za ki ce abin da niɗ ɗauko ya lalace? Jinina na wurin nan, da na bayin Allah ga da sunka bar kasuwassu. Shi za ki zubar?"

Nan fa wuri ya kaure. Mijin 'yar'uwata yana ta magana da Dandanci yana nuna ɗakin da matarsa take, wata tsohuwa daga danginsa ta fara kuka, abokan Kawu na cewa ai ko ma mene ne ya fi babu. Babbar ma'aikaciyar jinya, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta ja ni gefe ta ce a hankali, "Ke ma dai da taurin kai. A ɗumama a sa mata. In ta tashi, alhamdu lillahi. In ta tafi, kowa ya ga an yi ƙoƙari. Amma in kika hana ta tafi, ina za ki sa kanki a garin nan?"

Wallahi na san gaskiya ta faɗa game da garin. Kuma ba zan yi ƙarya ba, sai da na auna maganar. Da na sa hannu a takardar izinin sa mata shi, da babu mai zargina har abada. Amma ni na san abin da ke cikin ledar. Babu abin da za ta iya toshewa, kuma ta yi sa'o'i tana iyo cikin ruwan kifi, ledar da ta daskare ta saki kuwa ba ka da tabbacin ba ta tsage a inda ido ba ya gani ba. In ƙwayar cuta ta shiga, kai tsaye cikin jijiyar mace mai jego da ke tsakanin rai da mutuwa za a ɗura ta. Ƙari a kan haka, da an rataya ledar kowa zai koma inuwa ya zauna ya ce an yi magani, a daina neman wata hanya. Wannan shi ya fi ba ni tsoro.

Sai na kwashi ledojin huɗu na zuba a bokiti, na shiga da su ɗakin gwaji, na fito na ja ƙofa na murɗa makulli, na ɗaure shi a bakin zanena. Na tsaya a jikin ƙofar. Na dubi taron. Na ce, "Duk mai son ya sa mata wanga sai dai shi ɓalle ƙohwag ga, kuma shi sa hannu da sunanai. Nawa hannun ba ya hawa."

Likita ya iso a lokacin, ya fito daga wurin wata mai naƙuda. Na ga yadda ya dubi taron, ya dubi Kawu, na san shi ma yana jin nauyi. Na buɗe na shigar da shi shi kaɗai, na ɗaga masa leda a haske. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye ya ce, "Kin yi daidai. Amma kin san ba ta da lokaci." Na ce na sani, a ba ni mutane kawai. Jinin da aka ɗiba yanzu-yanzu, da ɗuminsa, bai shiga firji ba, yana da nasa ƙwayoyin da ransu. Ba zai kai wancan ba, amma zai iya riƙe ta zuwa gobe. Ya gyaɗa kai ya ce in fara.

Da muka fito Kawu na tsaye inda na bar shi. Ya nuna ni da yatsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ke yarinya, saurara. In ɗiyata ta mutu, ke kinka kashe ta. Kada ki sake taka man gida."

Ke yarinya. Ba Uwata ba. Duk maganganun da aka yi ranar babu wadda ta soke ni kamar wannan. Hawaye ya taho, na haɗiye shi da ƙarfi, domin na san in na bari ya zubo za a ce na karaya. Na ce, "Na ji, Kawu. In ta mutu ni ta." Sannan na juya ga mazan da ke ta hayaniya na ce, "Ku da kuka son ta tashi, surutu ya isa. Kowa shi naɗe hannun riga shi biyo ni."

Abin dariya, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya su suka fara duban ƙasa. Wani ya tuna bai yi la'asar ba, wani ya ce shi jininsa kaɗan ne tun yana yaro. Amma masu kwalekwalen da suka tsallako da ita, waɗanda tun safe ba su ce uffan ba, suka miƙe su biyar suka jeru. Mijin ya riga kowa, sai dai nasa bai dace da nata ba, ya fita yana share ido da hularsa. Ina cikin gwada sauran sai na ga an miƙo mini hannu ta kan kafaɗar wani. Na san hannun tun kafin in ɗaga kai, ga audugar safe ma ba ta faɗi ba. Kawu ne, fuskarsa a ɗaure, ba ya ko kallona.

Na ce, "Kai ka bayar da sahe. Ba ni ɗibar naka."

"Jinina na, ɗiyata ta."

"Ko ɗiyar wa ta. Ba a ɗiba sau biyu yini guda. Kana son in samu mara lahiya biyu?"

Ya janye hannunsa ya fita. A'a ta biyu ke nan. Ina jin wata mata a waje na cewa boko ya cire wa yarinyar nan kunya. Na ci gaba da aikina.

Mutum biyu cikin masu kwalekwalen suka dace, gwajin cututtuka ma ya fito lafiya. Na ɗebi na farko na kai da hannuna da ɗuminsa aka rataya, kafin ya ƙare na ɗebi na biyu. Wajen magariba tsatsar dasashinta ta ragu, zanen da ake canza mata ya daina jiƙewa da sauri. Bai tsaya duka ba, amma ya ja baya. Na sake kiran birni, suka ce sun tace wasu daga jinin da aka bayar ranar, za su kammalu da safe. Likita ya roƙi wani mai gwaji daga asibitin da ke maƙwabtaka da mu ya zo ya riƙe mini wuri. Wannan karon na ce ko sama da ƙasa za su haɗu, da ƙafata zan je.

Gari na wayewa na fito neman motar haya, sai na tarar da motar Kawu a bakin asibiti, injin na aiki. Ya wanke bayanta tas, babu kula babu ƙanƙara. Bai ce in shiga ba, ban tambaya ba, na buɗe na zauna. Na gaishe shi ya amsa a maƙoshi. Haka muka haye gada muka bi hanyar nan mai ramuka sama da awa uku.

A birni na roƙi ma'aikacin ɗakin ajiyar jini ya bar Kawu ya leƙa daga bakin ƙofa. Shi ne wanda ya ba shi kwali jiya, amma mutumin kirki ne, bai tayar da zancen ba. Ɗakin na da sanyi kaɗan mai daɗi, ba na firji ba. A ciki akwai wani akwati mai gilashi, ledoji a shimfiɗe kan faranti, farantin na kai da komo a hankali ba ya tsayawa. Kawu ya daɗe yana kallo. Sai ma'aikacin ya ciro leda ɗaya ya ba ni, na ɗaga ta a haske na motsa. Gajimaren nan ya taso yana juyawa yana sheƙi. Na matsa da ita kusa da fuskar Kawu. Ya kalla, ya sake kalla, ya ce kamar da kansa yake magana, "Na jiya bai yi hakanga ba."

Aka shirya mana su a akwatin da ke riƙe sanyin ɗaki, aka sa ma'aunin zafi mai igiya yadda zan riƙa gani daga waje. Na ɗora akwatin a cinyata ina jijjiga shi a hankali kamar mai lallashin jariri. Matsalar ita ce motar Kawu ba ta san wani abu wai shi na'urar sanyi ba, rana kuwa ta fara dukan gilashi. Ba mu yi awa ɗaya ba na ga ma'aunin na hawa. Ashirin da uku. Na ƙura masa ido. Ya kusa ashirin da huɗu. Na ce, "Kawu, yana ɗaukar zahi."

Ya dubi ma'aunin, ya dubi hanya, bai ce a nemo ƙanƙara ba. Ya gangara gefen wata rijiya ya tsaya a inuwa, ya ciro sabon buhun algarara daga bayan kujera, ya jiƙa shi ya matse, ya naɗe akwatin da shi, ya cire rawaninsa ya rataya a tagar da rana ke shigowa, ya sauke sauran gilasan duka. Ya ce, "Kahin ƙanƙara ta zo ƙasag ga, haka muka sanyaya gora cikin jirgi. Iska na bugunai yana sanyi, amma ba ya daskarewa." Muka tashi. Ina kallon ma'aunin ya tsaya cak, can kuma ya fara sauka, ya zauna a ashirin da biyu. Duk inda buhun ya fara bushewa sai ya tsaya ya yayyafa masa ruwa. A makaranta ba a koya mini wannan ba.

Da muka kusa gida, a ɗaya daga cikin shingayen da ke hanyar iyaka, wani mai kaki ya tsayar da mu. Ya ga akwati naɗe da buhu a cinyar mace, ya ce in sauko da shi in buɗe a gefen titi. Na miƙa masa takardar asibiti, na fara bayani, ya ce shi dai a buɗe. Kafin in ƙara magana Kawu ya buɗe ƙofa ya fito, kansa babu rawani, ya tsaya tsakanin mutumin da tagata.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, bincike motag ga dut, kwance tayoyi in kana so. Amma wanga akwati ba a buɗe shi cikin rana. Abu na mai rai. Ba ya son zahi, ba ya son ƙanƙara, jijjiga shi aka yi. Ni nan da kaka gani na kashe guda huɗu jiya da hannuna, ba ni bari a kashe waɗanga. Ɗiyata na can tana jira."

Mutumin ya dube shi, ya karanta takardar, ya leƙo ya ga ma'aunin da hannuna da bai daina motsi ba, ya ɗaga sanda ya ce Allah ya ba ta lafiya. Ni kuwa na juya fuskata wajen taga, domin hawayen da na haɗiye jiya ya samu hanya.

Mun iso kafin la'asar. Na ɗaga ledojin ɗaya bayan ɗaya a hasken tagar da na ɗaga na jiya, duk huɗun suna juyawa. Aka sa mata. Kafin a kira magariba audugar da ke kan allurarta ta tsaya fara, ta buɗe baki na duba dasashinta babu ja. Bayan kwana biyu ta zauna da kanta ta karɓi jaririyarta ta ba ta nono, tana yi mini tsiya wai ta ji labarin na zama soja. Ranar da aka sallame ta ina cikin ɗakin gwaji sai na ji an ƙwanƙwasa. Kawu ne, riƙe da giwan ruwa da ya kusa tsawon hannuna, naɗe a ganye. Bai ba ni haƙuri ba, dattawa irinsa ba sa yi, ni ma ban jira ba. Ya miƙo ya ce, "Uwata, wanga dai a sa shi ƙanƙara ko a jijjiga shi?"

Yarinyar da aka haifa a wannan tashin hankali yanzu tana makaranta, in sun tsallako hutu a gidana take sauka. Kawu ya tsufa ya bar wa 'ya'yansa kular, amma har yanzu in ya ji wani zai je birni karɓo jini sai ya kira shi ya zaunar da shi ya yi masa karatu, kai ka ce shi ya gano abin. Ni ma tun ranar ban sake aiken kowa da rabin bayani ba. Ina faɗin abin da za a yi, in faɗi abin da ba za a yi ba, in sa mutum ya maimaita mini, ko da ya haife ni.

Har yau akwai masu cewa na yi wa Kawu rashin kunya a gaban mutane, cikinsu har da dangi. Ba na musu da su. An koya mana jin nauyin manya, kuma ina jin nauyinsu, amma ranar na gane cewa in rai na kan gado, jin nauyi ba ya cikin abin da za a rataya masa. Da na ji kunyar Kawu na minti biyar, da na binne masa ɗiya, ya yi ta gode mini har ƙarshen ransa bai san ni na kashe ta ba. Na zaɓi ya kore ni daga gidansa ɗiyarsa na numfashi. Gobe ma in aka kawo mini leda irin waccan, ko wa ya ɗauko ta, zan kulle ƙofa in ɗaure makullin a bakin zanena.